NAZARI: Sule Lamido, Ƙofar Wadata Plaza da Tsanin da Aka Janye wa Matasan Jigawa

Ranar Litinin, 27 ga Oktoban 2025, tsohon gwamnan Jigawa, Alhaji Sule Lamido, ya isa hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wadata Plaza a Abuja domin sayen fom ɗin takarar shugabancin jam'iyyar na ƙasa, ya kuma fito hannu rabbana. Tun kafin zuwansa, gwamnoni da wasu jiga-jigan jam'iyyar na Arewa sun riga sun tsayar da Kabiru Tanimu Turaki a matsayin ɗan takarar maslaha. Lamido ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, inda Mai Shari'a Peter Lifu ya yanke hukunci ranar 14 ga Nuwamba cewa kada a yi babban taron jam'iyyar sai an ba shi damar sayen fom. Washegari aka buɗe taron a Ibadan bisa dogaro da wani umarni na babbar kotun jihar Oyo, aka naɗa Turaki, aka kuma sanar da korar Nyesom Wike da wasu magoya bayansa. Kwana uku bayan buɗe taron, hayaƙi mai sa hawaye ne ya tarwatsa ɓangarorin biyu a ƙofar hedikwatar.

Mutumin da aka hana fom yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar a 1998. Ya yi mata ministan harkokin waje shekara huɗu, ya yi mata gwamna shekara takwas, kuma ya ƙi barinta a lokacin da takwarorinsa suka yi ta tsallakewa. Wannan ya isa ya sa labarin ya ja hankali. Sai dai ga matashin Birnin Kudu ko Gwaram, tambayar ta wuce ta wanda zai riƙe PDP. Lamido ya shiga majalisar tarayya yana ɗan shekara 31 da tutar siyasar talakawa. Shekara 46 bayan haka, ya dace a auna abin da ya rage na waccan siyasa, a kuma duba ko hanyar da ya bi ya hau tana nan a buɗe ga na baya.

Ɗan gidan sarauta a jam'iyyar talakawa

An haifi Sule Lamido ranar 30 ga Agustan 1948 a Bamaina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta yanzu, a gidan sarautar garin, ya kuma yi karatu a Kwalejin Barewa da ke Zariya. Bisa al'adar wancan zamani, mai irin wannan asali da irin wannan makaranta wurinsa yana jam'iyyar masu mulki, wato NPC a jamhuriya ta farko da NPN a ta biyu. Shi kuwa ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 domin yaƙar zaluncin hukumar En'e da 'yantar da talaka. A zaɓen 1979 ya ci kujerar majalisar wakilai daga Birnin Kudu, wadda a lokacin take cikin tsohuwar jihar Kano.

PRP ta ci jihohi biyu kacal, Kano da Kaduna, amma abin da ta yi da su ya girgiza Arewa. Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa mulki, kuɗaɗen da suka kasance sandar da dagatai da hakimai ke kora talaka da makiyayi da ita. A ƙasar Fulani makiyaya da manoma irin Birnin Kudu da Gwaram, soke jangali ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ya taɓa kowane garke da kowane gida. Wannan ne ma'aunin da PRP ta bar wa magadanta: akida ita ce abin da talaka zai ji a aljihunsa da kuma a mutuncinsa gaban mai iko.

Jam'iyyar ba ta daɗe a dunƙule ba. Tun 1980 ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam da 'yan Santsi da suka bi gwamnonin biyu, Rimi da Balarabe Musa. Lamido ɗan Santsi ne. Abin lura a nan shi ne, a rikicin farko da ya tarar a rayuwarsa ta siyasa tsakanin uwar jam'iyya da gwamnoni, ya tsaya ne a ɓangaren gwamnoni. Rikicin ya cinye jam'iyyar: an tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, an kashe mai ba Rimi shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, a tarzomar 10 ga Yulin 1981, Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, sannan sojoji suka rufe babin gaba ɗaya a ƙarshen shekarar.

Sakataren SDP da tabon 12 ga Yuni

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, kuma gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP, ɗan wannan yanki ne. Lamido kuwa ya haura matakin ƙasa, ya zama sakataren SDP na ƙasa a 1993, Tony Anenih yana shugaba. Da su a kan kujera jam'iyyar ta shiga zaɓen 12 ga Yuni, wanda Moshood Abiola ya lashe, sojoji kuma suka soke. Babangida da kansa ya amince a littafinsa da ya fito a Fabrairun 2025 cewa Abiola ne ya ci.

Wannan lokaci ne mafi sarƙaƙiya a tarihin Lamido. Shugabancin SDP ya shiga tattaunawar da ta haifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, wadda ba ta cika wata uku ba Janar Sani Abacha ya ture ta ranar 17 ga Nuwamban 1993. Masu sukarsa suna cewa shi da Anenih sun saki nasarar jam'iyyarsu. Shi kuma yana cewa ya tsaya wa 12 ga Yuni gaba da gaba da sojoji, har a wajen ƙaddamar da tarihin rayuwarsa a Abuja a Mayun 2025 ya yi kira ga gwamnatin tarayya ta biya iyalan Abiola bashin naira biliyan 45 da ya ce suna bi. A Yunin wannan shekarar cacar baki ta ɓarke tsakaninsa da fadar shugaban ƙasa, bayan ya zargi Shugaba Bola Tinubu da goyon bayan soke zaɓen, fadar kuma ta musanta ta mayar masa da zargin.

Akwai abin da ba a jayayya a kansa. A 1998, lokacin da jam'iyyu biyar suka haɗu suka tsayar da Abacha ɗan takararsu ɗaya tilo, Lamido yana cikin 'yan siyasar da suka ce ba su yarda ba, rukunin da ya faro da mutum 9, ya zama G18, ya kai G34 a ƙarƙashin Alex Ekwueme. An tsare shi da Rimi saboda haka, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai bayan mutuwar Abacha a Yunin 1998. Daga wannan rukuni PDP ta tsiro. Duk wanda zai yi wa Lamido hisabi da gaskiya dole ya sa wannan a ma'auni, domin a wancan lokaci manya da yawa sun zaɓi yin shiru ko yin rawa a gangamin tazarce.

Kujerar minista: ladan faɗuwa zaɓe

A zaɓen gwamna na Janairun 1999 Lamido ya yi wa PDP takara a Jigawa, Ibrahim Saminu Turaki na APP ya kayar da shi. Bayan 'yan watanni Shugaba Olusegun Obasanjo ya naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe kujerar har 2003.

Ya karɓi ma'aikatar ne a lokacin da Najeriya ke fitowa daga saniyar ware. Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da ita a Nuwamban 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas, ba ta maido ta ba sai ranar da aka rantsar da Obasanjo. A shekarun Lamido ne Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarci Najeriya a Agustan 2000, aka amince da kundin kafa Tarayyar Afirka a Lome a wannan shekarar, aka ƙaddamar da ita a Durban a 2002, aka kuma ɗora harsashin shirin NEPAD. Shi ya jagoranci taron ministoci a Abuja a Satumban 2001 kan rikicin gonaki na Zimbabuwe. A zamaninsa ne kuma kotun duniya da ke Heg ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002 cewa Bakassi ta Kamaru ce. Sai dai kowa ya san Obasanjo shi ne babban jakadan gwamnatinsa, shi ke yawo ƙasa ƙasa neman a yafe bashi, yafiyar da ba ta samu ba sai 2005, bayan Lamido ya bar ofis.

Muhimmancin kujerar ga siyasar gida ya fi na waje. Sashe na 147 na kundin tsarin mulki ya wajabta a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. A jihar da ke hannun 'yan adawa, wannan minista shi ne yake zama jagoran jam'iyya mai mulkin tarayya, ta hannunsa muƙamai da alfarma ke sauka. Da haka Lamido, wanda masu zaɓe suka ƙi a 1999, ya zama uban PDP a Jigawa. Tun daga nan tushen ƙarfinsa ya fara karkata daga akwatin zaɓe zuwa ga kusanci da fadar Abuja. A 2007, bayan Saminu Turaki ya sauya sheƙa zuwa PDP, Lamido ya gaje shi a zaɓen da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince a jawabin rantsuwarsa cewa yana da naƙasu.

Shekara takwas a Dutse

A farkon 2007 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya bayyana Jigawa a matsayin jihar da ta fi kowace talauci, da kusan kashi 95 cikin 100 na jama'arta. Wannan ce jihar da Lamido ya karɓa, kuma babu mai gaskiyar da zai ce ya bar ta yadda ya same ta.

Matakinsa na farko da ya yi suna shi ne dokar biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata. Domin a gane nauyin kuɗin, mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin naira 5,500 ne, bai koma 18,000 ba sai 2011. Wato gurgu ko makaho da ke cikin shirin yana karɓar abin da ya fi na ƙaramin ma'aikaci, bisa doka, ba bisa sadaka ba. A 2008 ya kira taron talakawa a Dutse, inda masu ƙananan sana'o'i suka tsaya gaban manya suka faɗi halin da suke ciki da bakinsu. Gwamnatinsa ta ɗauke wa 'ya'ya mata kuɗin makaranta, ta kafa tsarin lafiya na Gunduma wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya, ta shimfiɗa hanyoyi, ta mayar da Dutse birni mai kamannin hedikwata bayan shekarun da ma'aikatu suka yi a warwatse a garuruwa. Ta kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yau take ɗauke da sunansa, ta kuma gina filin jirgin sama na Dutse da aka buɗe a 2014.

Ga kuma ɗaya gefen ma'aunin. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa talauci a Jigawa a kashi 87, ta uku a ƙasa bayan Sakkwato da Taraba. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya sa ta a kashi 84. Ma'aunan sun bambanta, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa gwamna ɗaya alhakin alƙaluman da aka tattara shekaru bayan saukarsa. Amma sun nuna iyakar siyasar gine-gine. Filin jirgi yana da amfani ga alhazai da manyan baƙi. Manomin riɗi a Farin Dutse da mai kai awaki kasuwar Sara buƙatarsu taki ce a kan lokaci, da hanyar da mota za ta bi da damina, da malamin da zai zo aji, da ungozomar da za a samu da tsakar dare. Kusan duk waɗannan suna cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, kuma a nan ne tarihin gwamnonin jamhuriya ta huɗu, har da Lamido, ya fi rauni.

Matakin da ya ɓace

A ƙasashe da dama, shugabancin gari shi ne makarantar shugabancin ƙasa. Recep Tayyip Erdogan ya fara da magajin garin Istanbul a 1994. Joko Widodo, mai sana'ar kayan katako, ya zama magajin garin Solo a 2005, gwamnan Jakarta a 2012, shugaban Indunisiya a 2014. Ko a maƙwabta, Kassoum Moctar ya shugabanci birnin Maraɗi yana matashi kafin ya zama ministan matasa da wasanni a gwamnatin Mahamadou Issoufou. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kujerar gari ta ba mutum suna da tarihin aiki na kansa, wanda jama'a za su iya gani su auna.

A Najeriya an tsara ƙaramar hukuma domin ta yi wannan aiki tun gyaran 1976, kuma sashe na 7 na kundin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. Amma sashe na 162 ya sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, hukumar zaɓensu kuma gwamna ke naɗa ta. Sakamakon a bayyane yake a Jigawa mai ƙananan hukumomi 27. A zamanin Lamido PDP ce ke kwashe kujerun ciyaman. Da mulki ya juya a 2015, kwasar ta koma hannun APC, har zuwa zaɓen Oktoban 2024 da ta lashe dukkan 27. Jama'ar ba su sauya ba, mai riƙe da hukumar zaɓe ne ya sauya.

Lamido ya ɗanɗani ɗacin wannan tsari da kansa. A ƙarshen Afrilun 2017 'yan sanda sun kama shi a Kano bisa zargin tunzura magoya bayansa gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na waccan shekarar, aka gurfanar da shi a Dutse, ya kwana 'yan kwanaki a gidan yari kafin a ba shi beli. Kukansa a lokacin shi ne za a yi wa PDP fashin zaɓe. Kukan yana da tushe, sai dai hukumar da yake tsoro irinta ce ya riƙe shekara takwas bai sauya mata fasali ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da dubu 300, Gwaram sama da dubu 270. Kowace ɗaya ta kai girman birni mai magajin gari a wata ƙasar. Da ciyaman yana riƙe da kuɗinsa, yana kuma tsoron ƙuri'ar jama'a fiye da fushin gidan gwamnati, da waɗannan kujeru biyu sun zama wurin da matasa ke gwada ƙwarewarsu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Fiye da shekara guda bayan haka, aiwatar da hukuncin yana ta tafiyar hawainiya, kuma hukuncin bai taɓa batun wanda ke shirya zaɓen ba.

Shari'a da gado

Ƙasa da wata biyu bayan saukarsa, a Yulin 2015, hukumar EFCC ta gurfanar da Lamido da 'ya'yansa biyu da wasu kamfanoni gaban Babbar Kotun Tarayya a Kano bisa zargin halasta kuɗin haram na naira biliyan 1.35, waɗanda ta ce 'yan kwangila ne suka zuba a asusun kamfanonin iyalinsa. Sun musanta, an tsare su a gidan yarin Kano na ɗan lokaci, aka mayar da shari'ar Abuja. A Yulin 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame su bisa hujjar cewa a Jigawa ya kamata a yi shari'ar, EFCC kuma ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli. Babu kotun da ta same shi da laifi, kuma hukuncin 2023 a kan hurumi kawai aka yanke shi. Fiye da shekara goma ke nan 'yan Jigawa, waɗanda kuɗinsu ake magana a kai, suna jiran amsa a kan ainihin zargin. Wannan jinkiri cutarwa ne ga jama'a, cutarwa ne kuma ga wanda ake tuhuma idan har yana da gaskiya.

Sai batun magaji. A 2015 ɗan takarar da ya tsayar, Aminu Ibrahim Ringim, ya sha kaye a hannun Muhammad Badaru Abubakar na APC, haka kuma a 2019. A 2023 tikitin PDP ya faɗa hannun ɗansa, Mustapha Sule Lamido, Ringim kuma ya yi takara a NNPP. Umar Namadi ya yi nasara da ƙuri'a sama da dubu 600, Mustapha ya samu sama da dubu 360. Ɗan gwamna yana da 'yancin takara kamar kowane ɗan ƙasa, kuma ƙuri'un da ya samu ba na wasa ba ne. Amma ga gidan siyasar da ya samo asali daga yaƙi da mulkin gado, abin ya bar tambaya: a cikin dubban almajiran siyasar da Lamido ya tara tun 1979, me ya sa tutar ta tsaya a cikin gida?

Duk da haka ƙarfinsa a yankin bai gushe ba. A 2023 PDP ta ci kujerar sanatan Jigawa ta Kudu maso Yamma, mazaɓar da ta ƙunshi Birnin Kudu da Gwaram da Dutse, kuma tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku Abubakar a jihar ba ta kai ƙuri'a dubu 40 ba. Wannan ne jarin da ya sa rikicin Ibadan ya shafi Jigawa kai tsaye.

Wanda ya ƙi fita, aka rufe masa ƙofa

A Agustan 2013 Lamido yana cikin gwamnoni bakwai da suka fice daga babban taron PDP a Abuja suka kafa sabuwar PDP. A Nuwamban shekarar biyar daga cikinsu, Rabi'u Kwankwaso da Aliyu Wamakko da Murtala Nyako da Rotimi Amaechi da Abdulfatah Ahmed, suka koma APC. Shi da Babangida Aliyu na Neja suka tsaya. Tsayuwar ta jawo masa asarar jihar a guguwar Buhari ta 2015. A zaɓen fitar da gwani na shugaban ƙasa a Fatakwal a Oktoban 2018 ya samu ƙuri'a 96, Atiku ya samu 1,532. A 2025, gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Inugu da Bayelsa sun bar jam'iyyar, Atiku ma ya fita a Yuli bayan ƙaddamar da haɗakar ADC, Lamido ya ce yana tare da manufar haɗakar amma ba zai bar gidan da ya gina ba.

A ƙasar da sauya sheƙa ya zama ruwan dare, wannan riƙo abin a yaba ne. Kuma a kan batun fom, hujjarsa tana da ƙarfi: jam'iyyar da ta hana ɗanta sayen takardar takara ta karya ƙa'idarta da hannunta, kotu ma ta faɗi haka. Amma maslahar da aka yi masa ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ita ce hanyar da gwamnoni ke fitar da 'yan takarar ciyaman da kansila da 'yan majalisa tun 1999: a zauna a ɗaki, a fitar da suna, a kira shi sulhu. Lamido ya yi shekara takwas a cikin wannan ɗaki. Bambancin 2025 shi ne ya tsinci kansa a bakin ƙofa, inda dubban matasa masu neman kujerar kansila suka saba tsayawa, su kuma ba su da kuɗin ɗaukar babban lauya.

Abin da ya rage wa na baya

Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ta sauke shekarun shiga majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Amma a 2022 APC ta sayar da fom ɗin wannan kujera naira miliyan 10, PDP kuma miliyan 2.5. Da mafi ƙarancin albashi na yanzu, naira 70,000, ma'aikaci zai yi kusan shekara 12 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara na farko, kusan shekara uku kafin na biyu. Jam'iyyun sun yi wa matasa rangwame, amma rabin abin da ba ka da shi bai zama naka ba. Doka ta buɗe ƙofar shekaru, jam'iyyu sun rufe ta da kuɗi da ɗauki-ɗora.

Saboda haka darasin tafiyar Lamido ga matashin kudancin Jigawa ba ya cikin zaɓar ko a so shi ko a ƙi shi. Mutumin ya shiga kurkuku domin ƙin tazarcen soja, ya sa haƙƙin naƙasasshe a cikin doka, ya gina hedikwatar jiha da jami'a. Shi ne kuma ya bar ƙananan hukumomi a aljihun gwamna kamar yadda ya same su, ya bar jam'iyyarsa a jiha tana numfashi da huhun mutum ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, kuma na biyun ne zai fi shafar wanda ke da shekara 25 a yau.

Kafin 2027 akwai tambayoyin da za a iya ɗora wa kowane ɗan takara, na APC ne ko PDP ko ADC ko NNPP, idan ya zo Gwaram ko Birnin Kudu neman ƙuri'a. Nawa ya shigo asusun ƙaramar hukumar nan a watan jiya, kuma wa ya sa hannu aka fitar da shi? Zai goyi bayan a cire naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun gwamna shi kaɗai? Nawa jam'iyyarsa za ta sayar da fom ɗin kansila, kuma 'yan mazaɓa ne za su fitar da ɗan takara ko daga Dutse za a aiko da suna? Kason kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, duk mai waya a hannu zai iya nemo shi ya kai wa ciyaman ya tambaye shi inda kuɗin suka shiga.

PRP ta 1979 ta ci zaɓe a wannan yanki ne domin ta faɗi abu ƙwaya ɗaya da talaka zai iya tabbatarwa da idonsa, ta kuma cika shi da hawanta mulki. Jangalin wannan zamani shi ne asusun haɗin gwiwa da fom na miliyoyi. Har yanzu ba a ga jam'iyyar da ta yi alkawarin soke su a Jigawa ba, kuma da wuya ta fito sai matasan da aka janye wa tsani sun mayar da hakan sharaɗin ƙuri'arsu.